Siniyar Malam Ɗan'inna

Ranar Lahadi da hantsi gilashin bayan wanit, wato motar a-kori-kura, ta Malam Ɗan'inna ya tarwatse. Ranar Litinin ɗansa Osman ya cire makullin motar daga ƙusar da ake rataye shi a bayan ƙofa, ya zuba a aljihu, ba da sanin uban ba.

Ga yadda abin ya samo asali. Malam Ɗan'inna ya shekara talatin da ɗaya yana jan tirela tsakanin Yanbu da Madina. Da gwiwa ta fara ƙin hawan babbar mota, sai ya koma jan karafan, ɗakunan nan masu taya da mutane ke fita daji da su lokacin sanyi. Masu su da yawa ba su da motar ja, wasu kuma suna da motar, zuciyar ce babu. Sai su kira shi ya kai musu, in sun gama hutawa ya je ya dawo da ita. Irin karafan da yake ja ba a bamba ake ɗaura ta ba. Wuyanta ne ke hawa cikin bodin wanit, ƙusarta mai kauri ta faɗa bakin wani farantin ƙarfe da direbobi ke kira siniya, irin na tirela sak, sai dai ƙarami.

Tsohuwar wanit ɗinsa mai dogon bodi ce. Da injinta ya gama aiki, Osman, wanda ke gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani, ya fitar masa da sabuwa, mai ƙofa huɗu, kujerun baya kamar na falo. Wurin da kujerun suka ci kuwa daga bodi aka yanke shi, bodin ya zama gajere. Istimara, wato takardun motar, da sunan Osman aka yi. Malam Ɗan'inna ya sa aka kwance tsohuwar siniyarsa aka ɗaure a sabuwar mota, ya yi tafiya huɗu lafiya, duk miƙaƙƙiyar hanya. A ta biyar ya zo shigar da karafan ɗin Dakta Sagiru da baya ta wata matsattsiyar ƙofa a unguwar Khalidiyya. Ya karya kan mota sosai, kusurwar karafan ta zo ta daki bayan gidan direba, gilashi ya zubo masa a wuya.

Da azahar ɗin Litinin, ana zaune kan ledar abinci a gidansu na unguwar Aƙiƙ a Madina, ya ce, "Ina makullina?"

Osman bai ɗago ba. "Abuya, ci abinci tukuna."

"Na ce ina makullina."

"Yana wurina. Halas, Abuya, ka huta. Shekararka saba'in ba biyu. Abu kamar ɗaki ya taho maka, ba ka gan shi ba sai da ya shigo mota. Yau gilashi ne. Gobe fa? In ɗan mutane ne?"

"Ni ne ban gani ba?"

"To wa ke tuƙin?"

Malam Ɗan'inna ya ture farantin gabansa. "Da idon nan na shigar da tirela mai taya goma sha takwas da baya cikin tashar jirgin ruwa, kana goye kana tsotsar yatsa. Yau kai za ka auna mini ido?"

Hajiya Hawa, matarsa, ta ci gaba da zuba miya. Ba ta dubi ko ɗayansu ba ta ce, "Malam, ranar da za a ɗaura tsohon ƙarfen nan, Bakri mai walda bai ce a auna ba? Me ka ce masa?"

Ta ajiye ludayi, ta ba kanta amsa.

"Cewa ka yi siniyar da ta yi shekara tara ba ta kunyata ka ba, ba yaro ne zai sa mata awo ba. Ina tsaye."

"Na faɗa. Ban auna ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma taurin kai ne, ba makanta ba. Kuma ba a karɓe wa mutum makulli don taurin kai, da rabin garin nan a ƙasa suke tafiya."

Osman ya ce, "Gobe zan kai motar wurin Bakri a sa gilashi. Bayan nan sai mu ga abin da za a yi da ita."

Malam Ɗan'inna ya san ma'anar wannan magana. Dakta Sagiru na son a fitar masa da karafan ranar Alhamis. In aka ji a gari cewa ɗansa ya sauke shi daga mota, ba mai ƙara kiransa, ko da makullin ya dawo. Abin da zai rage masa shi ne kujerar roba a ƙofar gida da jiran kiran salla.

Washegari da Osman ya isa warshar Bakri, wato garejinsa, a bayan titin Sultana, ya tarar da ubansa ya riga shi. Yana zaune kan tsohuwar taya, da igiyar shanyar Hajiya Hawa a naɗe a hannu. Karafan ɗin Dakta ma tana filin bayan warsha, an kawo ta a gyara kusurwar da ta lotse.

Bakri, Bahaushen Sudan mai walda, mai yawan dariya, ya fito yana goge hannu. "Ya Osman, tun ban buɗe ba Ammi, babanka, ke nan. Na ba shi shayi ya ce ba shan shayi ya zo yi ba, shari'a ya zo."

"Kar ka sa gilashin nan tukuna," in ji Malam Ɗan'inna. "Ku zo ku gani, ku biyun."

Ya je ƙarƙashin wuyan karafan, ya ɗora bakin igiya a kan ƙusar, ya ja ta har kusurwar gaba, ya ƙulla a nan. Sannan ya taka taya, ya hau bodin wanit, ya ture hannun da Osman ya miƙo masa. Ya ɗora bakin igiyar a tsakiyar siniya, ya ja ta zuwa bayan gidan direba. Igiya ta isa ƙarfe, da sauran igiya kafin ƙullin, sai da ya zura ta cikin tagar da ba gilashi. Ya auna rarar da hannu.

"Taƙi ɗaya da yatsa huɗu. Ka gani? A tsohuwar mota ƙullin nan ko kusa ba ya zuwa. A wannan taka mai falo, duk wanda ya karya kai sosai, kusurwa sai ta shiga ɗaki. Ko ni, ko kai, ko mai idon shaho."

Osman ya dubi igiyar, ya ce, "Tayyib. Amma mai gani da ya tsaya kafin ta taɓa."

"Haka ne? Bakri, kawo duro biyu. Kawo kwali."

Bakri ya mirgino duro biyu, Malam Ɗan'inna ya kafa su da faɗin ƙofar nan ta Khalidiyya, ya auna da taku. Aka manna kwali a gurbin gilashi. Aka ɗaura karafan.

"Makulli na aljihunka. Shiga. Sa mini ita tsakanin duron nan da baya, daga nan inda na tsaya ranar. Idonka sabo ne."

"Abuya, ni ba direban tirela ba ne."

"Amma alƙalin direban tirela ne kai. Shiga."

Osman ya shiga. Karo na farko ya yi ta waiwayen kwali, ya tsaya tun da saura, gindin karafan ya nufi katanga. Ya ja gaba ya sake. Karo na biyu ya ture duron hagu, ya yi ta mirgina har bakin ƙofar warsha, Bakri na bin sa yana cewa, "Wannan katangar Dakta ce ka rushe, ya basha!" Karo na uku gumi ya jiƙa masa riga. Ya kafa ido a madubi, yana bin gindin karafan, ta fara shiga daidai, ya ƙara karya sitiyari don ta gyaru. Sai ji aka yi ɓurum. Kusurwa ta huda kwali, ta leƙo saman kujerar baya.

Ya kashe mota ya fito, yana shafa ƙeya.

"Ina idonka yake?" in ji uban.

"A madubi."

"Nawa ma can yake. Mai ja da baya gindin kaya yake kallo, ba ƙeyarsa ba. Allah bai yi wa kowa ido a nan ba."

Osman ya zagaya motar, ya duba ƙarƙashi, ya dawo. "To a kwance ta a matsar da ita baya, a sake huda bodi. Mushkila ta ƙare."

"Ka ji injiniya. Siniya bisa gatarin tayar baya take zama. Ka kai ta bayan gatari, nauyi ya danne gindi, hancin mota ya ɗaga. Kana kan hanyar Tabuk, iska ta bugo, sitiyari ya zama kamar faifai a hannunka. Gilashi kake jin tsoro? Wannan likkafani ne."

Bakri ya gyaɗa kai. "Gaskiyar Ammi. Gajeren bodi sai siniya mai zamewa. A hanya tana bisa gatari, in za a karya sai ta ja baya. Iri biyu gare ni, ku zo."

Ya kai su cikin warsha. Ta farko tana kan dogo biyu, da wani hannun ƙarfe a gefe. In direba zai shiga matsatsi sai ya tsaya, ya sauko, ya ja hannun, ya koma mota ya kama birkin karafan ya matsa gaba kaɗan, siniya ta zame baya ta kulle. In ya fito fili ya maida ita. Ta biyun babba ce, ta kusa cinye bodin duka, ita da kanta take zamewa duk lokacin da mota ta karya.

Osman ya dafa ta biyun. "Wannan. Ba sauka, ba tunawa. Abuya, in ka yarda da wannan, yanzu na ba ka makulli."

"Ba ka isa ka sa mini sharaɗi ba."

"Ba sharaɗi ba ne, wallahi. Rana ɗaya za ka manta hannun nan, mu dawo inda muka fito."

"Jiya ido, yau ƙwaƙwalwa. Gobe sai ka ce kunne." Ya juya wurin Bakri. "Gaya masa abin da mai zamewa da kanta ke buƙata a wuyan karafan."

Bakri ya sosa gemu. "Sai an ɗaura wa wuyan wani ƙarfe da zai riƙe shi kar ya juya a cikinta. Kowace karafan da irin nata."

"Karafan nawa nake ja a sanyi ɗaya?"

"Ta kai goma sha biyar."

"Akwai tawa a ciki? Ko ɗaya. In je gidan mutum in ce tsaya in kwance maka wuyan kaya in ɗaura ƙarfena? Wannan ta mai karafan ɗaya ce, mai fita sau biyu a shekara da iyalinsa. Ni ɗan haya ne. Ga nauyinta kuma. Duk abin da ta ci daga abin da motar za ta ɗauka ne, je ka duba lambar da ke jikin ƙofa. Boko ne ban yi ba, lamba kam na iya." Ya buga tafin hannu a kan mai hannun ƙarfe. "Wannan za a ɗaura."

"In ka manta fa?"

"In na manta, gilashi zai fashe, in kawo maka makulli da hannuna har ofis ɗinku, gaban abokanka. Ba sai ka lallaɓa bayan ƙofa kamar ɓera ba. Amma sai na manta ɗin. Ba za ka sauke ni kan laifin da ban yi ba tukuna."

Osman ya dubi Bakri, ko zai sa baki. Bakri ya ɗaga hannu biyu. "Ni mai walda ne, ya akhi. Kuma na ga yadda ka yi da duro."

Har la'asar ana aiki. Aka kwance tsohuwar siniya, Malam Ɗan'inna ya ce a ajiye masa ita, kar a sayar wa 'yan gwangwan. Aka ɗaura sabuwa, yana tsaye kan Bakri yana duba kowane noti. Da aka gama ya ja hannun ƙarfe, siniya ta koma baya, ya sake miƙa igiya. Ƙullin ya tsaya da tazarar yatsa shida kafin taga. Ya nuna wa Osman, ya buɗe tafin hannunsa ya tsaya.

Osman ya daɗe hannunsa na cikin aljihu. Daga baya ya fito da makulli ya ɗora masa. Aka sake ɗaura karafan.

Malam Ɗan'inna ya shiga, ya gyara kujerar da Osman ya matsar, ya gyara madubi biyu. Ya yi bismilla. Karafan ta taho da baya a hankali, ta lanƙwasa, kusurwarta ta wuce ta gaban tagar ba ta taɓa komai ba, gindinta ya shige tsakanin duro biyu ya tsaya. Ya leƙo ta taga.

"Bakri, sa gilashi gobe da sassafe. Kai kuma kira Dakta, ka ce masa Alhamis bayan asuba ina ƙofarsa. Da bakinka za ka faɗa, kuma da Hausa, ba da Larabcin nan naka ba."

Osman ya ciro waya.