Makullin Ɗakin Ƙasa

Wata huɗu ke nan da Ɗan Gayu ya tashi daga gidan. Wai tashi! Ya garƙame ɗakinsa na ƙasa da kwaɗo, ya jefa makulli aljihu, ya ce kayansa su ɗan kwana biyu kafin a gama fenti a sabon gidansa. Kafinta, abokin hayarsa na ɗakin sama, ya ce ba komai.

Tun daga nan bai huta ba. Kullum sai ga mutumin, ba sallama, ba waya. Yau ya fita da fanka, gobe rediyo, jibi takalmi. Ya buɗe firij ya shanye ruwan sanyi, har da tambayar wai sabulun wanka ya ƙare ne. Kafinta ya tsane shi, tsana ta gaske, ko ƙamshin turarensa ba ya son ji a tsakar gida.

Ana haka Inna, mahaifiyar Kafinta, ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Likita ya ce ranar Alhamis za a sallame ta, kuma ko matakala ɗaya kada ta taka. To ɗaki ɗaya ne a gidan da ba a hawa kafin a shige shi, wato na Ɗan Gayu. Kafinta ya kira Ɗan Gayu, shi kuwa ya ce Lahadi zai kwashe kayansa. Lahadi ta koma Talata, daga nan ya daina ɗaukar waya.

Ranar Laraba da rana tsaka Kafinta ya rufe shago, ya ɗauko guduma, yana tafe yana huci. Sai ya tarar ba kwaɗo a ƙofar, sakata ce aka sa ta ciki. Bugu biyu ya yi mata ta ɓalle.

Ɗakin wayam. Katifa ɗaya, jaka ɗaya, sai Ɗan Gayu da ya zabura daga barci, daga shi sai singileti. Ashe babu wani sabon gida. An kore shi daga aiki, kayan ɗaya bayan ɗaya ya sayar, a bencin tasha yake kwana, nan yake lallaɓowa ya rama barci in Kafinta na shago.

"Mako ɗaya, ɗan'uwa," ya ce. "Don Allah."

Tausayi ya taso wa Kafinta. Sai ya tuna wata huɗun da aka mayar da shi sakarai a gidansa, ya haɗiye abinsa.

"Gobe Inna take zuwa. Ba ni makullin ƙofar waje."

Ɗan Gayu ya ɗaga ido ya dubi ɗakin sama. Kafinta ya gane can yake so a ba shi wuri, ya matsa ya tare gindin matakalar, guduma a hannu.

Shi da kansa ya jawo katifar ya jingina ta a bangon waje, ya rufe ƙofa. Ya fara sharar ɗakin Inna, yana jiyo mutumin a bakin titi yana tambayar mai gyaran taya ko zai sayi katifa.