Bindigar Hannu Ɗaya

A Darra, garin maƙeran bindiga, in aka ambaci Ustad Zarwali, kowa da abin da zai ce. Masu zuwa sayen bindiga daga Peshawar cewa suke yi fistol ɗinsa ko an binne ta a rairayi an tono, sai ta tashi. Maƙeran layinmu suna cewa hannunsa na zinariya ne, harshensa kuwa magagari. Bahtiyar mai gasa naman kabab ya rantse bai taɓa jin Zarwali ya ba wani haƙuri ba, ko ƙafar mutum ya taka, sai dai ya tambaye shi me ya kai ƙafarsa nan. Matan gidansu kuma, in ji matata, sun ce ba ya sa loma a baki sai ya tabbata an kai wa iyalin ƙanensa Minadar nasu. Duk gaskiya ne. Ni ƙota nake sassaƙa wa bindigogi, rumfata tana tsakanin shagonsa da na tsoho Samandar, kuma mai sassaƙa hannunsa ke aiki, kunnensa a buɗe yake.

Abin da ba a faɗa a gabansa shi ne zancen hannun Minadar.

Shekarun baya tare suke aiki. Wata rana aka ɗauke wuta, injin fiƙe ƙarfe ya tsaya, Minadar ya zura hannun hagu yana fitar da dusar ƙarfen da ta taru a ciki. A layinmu duk mai ta da janareta sai ya fara ɗaga murya ya ce, "Hannu waje!" ya jira a amsa masa. Ran nan akwai mai saye yana jira, yana ta duba agogo. Zarwali ya zaga baya ya ja igiyar janareta, bai yi kira ba. Ɗan ƙaramin yatsa da rabin tafi, su ne abin da likitocin Kohat suka iya bar wa Minadar.

Zarwali ya ɗauki nauyin asibiti, ya ɗauki cefanen gida, ya buɗe wa ƙanen nasa shagon ganyen shayi a bakin titi. Duk wanda ya zo jaje sai Zarwali ya ce masa, "Ƙaddara ce."

To, a bara gaba ta tashi tsakanin gidansu da wasu dangi na bayan tsauni a kan ramin kwal. Dattawa suka aza dutsen sulhu na ɗan lokaci, wa'adi ya cika ba a daidaita ba. Ka san abin da wannan ke nufi: duk namijin gidan ba ya fita ko masallaci sai da ƙarfe a ƙugu. Minadar kuwa kullum sai ya ratsa busasshen rafi shi kaɗai, safe da yamma, tsakanin gida da shago.

Zarwali ya ajiye aikin mutane ya ƙera masa fistol. Ni na yi mata ƙota da wani itacen tsauni mai tauri, kuma ban taɓa ganin ya ɓata lokaci a kan wata bindiga kamar wannan ba. Ya naɗe ta a ƙyalle ya aika wa Minadar gida. Washegari ta dawo a naɗe kamar yadda ta tafi.

Da hantsi Minadar ya zo rumfata ya zauna a kan buhun katako. Na zuba masa koren shayi.

Can ya ce, "Ka san abin da wan nan nawa ya aiko a faɗa mini? Wai kullum da safe in biyo ta shago ya ɗana mini ita. Ni, mai 'ya'ya uku. In zo in tsaya kamar yaron da ake ɗaure wa mazagin wando."

Na ci gaba da goge ƙota.

"In ta cije a tsakiyar rafi fa? In ce wa mutanen bayan tsauni su dakata, bari in je in kira Lala ya ja mini?" Lala yake kiransa, kamar yadda duk ƙane ke kiran wansa a wajenmu. "Na gwada, wallahi na gwada. Na rufe ɗaki na gwada har tafin ya fashe. Fistol ta mai hannu biyu ce, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ja samanta baya. Shi da ya ƙera ta bai san haka ba?"

Na ce, "Ya sani."

"To me yake so?"

Ya shanye shayin, ya tashi, ya shiga shagon Samandar.

Tsoho Samandar shi kaɗai ya rage a layinmu yana ƙera libarba, mai ganga da ke juyawa da harsashi shida. Samari suna ce mata bindigar kakanni. Shi da Zarwali sun daɗe ba sa gaisawa sai da ka, tun ranar da Zarwali ya ce a gaban jama'a wai Samandar buta yake ƙerawa yana sa mata kunama.

A Darra ba a sayen bindiga sai an gwada. Mai saye yakan fito bakin titi ya ɗaga ta sama ya harba, kuma ba mai waiwayawa, ko jakin da ke jan kaya ba ya girgiza kunne. Amma kowane maƙeri ya san muryar bindigarsa da ta maƙwabcinsa. Da libarbar ta yi ƙara sau biyu, na ji magagarin Zarwali ya tsaya. Ya leƙo don ya ga wane baƙauye ne Samandar ya kama. Sai ya ga ƙanensa tsaye a titi, hayaƙi na fita daga bakin bindiga.

Bahtiyar, da ke hura gawayi a ƙetaren hanya, bai iya riƙe bakinsa ba. "Ustad, ashe ɗan mai tanda ma gurasar maƙwabta yake ci?"

Zarwali ya fito da fistol ɗin a naɗe, maiƙo har gwiwar hannu.

"Minadar! Ajiye wannan tarkacen."

"Na riga na saya, Lala."

"Ka saya? A gidan wa aka haife ka? Ƙanen Zarwali, da butar Samandar a ƙugu! Gobe kowa a kasuwa ya ce ɗan'uwansa ma bai yarda da aikinsa ba. So kake ka zubar da ni?"

Samandar yana zaune a bakin ƙofarsa yana gyara taba a leɓe. Ya ce, "Butar nan ta girmi ubanka, kuma har yau ba ta yoyo."

"Ba da kai nake ba, tsoho!" Ya warware ƙyallen ya ɗaga fistol ɗin sama don kowa ya gani. Mutane sun fara taruwa. "Ku duba. Takwas take ci, waccan shida. Siririya ce, ka sa ta ƙarƙashin riga ko matarka ba za ta sani ba. Waccan kuwa, kamar ka ɓoye tukunya a wando, tun daga kan tsauni za su hango ta. Ka ƙarar da shidan, kana nan kana tsintar harsashi ɗaiɗai kamar mai tsince shinkafa, su kuma suna jiranka ko?"

"In shida ba su ishe ni ba, takwas ma ba za su yi ba."

"Ji shi! Malamin yaƙi!"

"Wannan in harsashi ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai zan yi, ta juyo da wani. Taka fa?"

"Tawa ba ta ƙin tashi!"

"Harsashin ba kai ke yi ba, Lala."

Wani ya yi dariya a cikin taron. Jijiyar wuyan Zarwali ta tashi.

"Na ce zan ɗana maka kullum. Me kake nema kuma? Na rage ka da wani abu? Shago, cefane, makarantar yara, wa ke yi? Ka tambayi duk layin nan ko akwai wan da ya yi wa ƙanensa abin da na yi maka. Sakayyata ke nan, ka tsallake ƙofata ka je wurin maƙiyina?"

Minadar ya soke libarbar a ƙugu. Hannun hagunsa kullum a cikin mayafi yake, ko a masallaci. Ya zaro shi, ya ɗaga shi a gaban fuskar wansa.

"Da me zan ja ta? Faɗa mini. Da wannan?"

Zarwali ya kau da ido. Ban taɓa ganin ya kalli hannun nan ba, kuma ran nan ma bai kalla ba.

"Ragwanci ne kawai. Namiji da hannu ɗaya ma zai ɗana ta. Sojoji suna yi."

"To yi mu gani."

"Me?"

"Ka ce namiji zai iya. Ga jama'a. Yi."

Bahtiyar ya ce, "A'a, Ustad, bar shi, wasa ne." Amma Zarwali ba ya ja da baya a gaban mutum biyu ma, balle layi guda. Ya fizge ƙyallen da ya naɗo bindigar, ya dunƙule hannun hagu, ya miƙo mini.

"Ɗaure. Ɗaure tamau, kar a ce na yi maguɗi."

Na ɗaure. Na yi ƙulli biyu a wuyan hannu.

Ya fara matse bindigar a tsakanin gwiwoyi, ta sulɓe, don shi da kansa ya shafe ta da mai. Ya tokara ta a cinya ya danna, ta zame ta goge masa fata. Ya sa ta a hammata. Ba abin da yake alfahari da shi kamar taurin sifirin ɗin bindigoginsa, ya sha cewa na wasu kamar taliya suke, nasa kuwa sai namiji. Yanzu ga shi yana kokawa da shi, gumi na ɗiga daga gemunsa. Da farko ana ta dariya ana ba shi shawara.

"Sa haƙori, Ustad!"

"A kira Lala ya ɗana masa!"

Daga baya dariyar ta mutu. Yana nishi, yana zagin bindigar, yana zagin wanda ya haife ta, ya manta shi ne. Minadar na tsaye bai motsa ba.

A ƙarshe ya juya wurin ginshiƙin ƙofar rumfata, ya maƙala saman bindigar a gefen katako, ya danna da duk nauyinsa. Ta ja baya, ta koma da ƙarfi, hannunsa ya goce, yatsansa kuwa yana kan kunama.

A garin da ba a waiwayar ƙarar bindiga, wannan kowa ya waiwaya, don ba sama ta yi ba. Harsashin ya huda gefen rigar Minadar, ya wuce ya fasa butar shayin da ke kan murhun Bahtiyar. Ruwa ya tsiyaye a kan gawayi, tururi ya tashi. Injinan layin suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

Minadar ya kama gefen rigarsa, ya zura ɗan yatsan da ya rage masa a cikin hudar, ya nuna wa wansa.

"Wannan ma ƙaddara ce, Lala?"

Samandar ya taso a hankali, ya zare fistol ɗin daga hannun Zarwali, ya cire harsasan, ya ajiye ta a kan teburina. Da a ce wata rana ce, da an yi tashin hankali a kan taɓa bindigar nan. Ran nan Zarwali bai ma san an karɓe ta ba.

"Shekara da shekaru," in ji Minadar, "kana aiko mini da gari, da nama, da takalman yara. Na ce maka yunwa nake ji? Kullum na buɗe ido sai na ga hannun nan. Kai ko sau ɗaya ba ka kalle shi ba. Ka ƙera mini bindigar mai hannu biyu don ka nuna wa kanka ba abin da ya faru. To ya faru! Ga shi nan! Ni zan bi rafin nan da yamma, ba sunanka ba. In sun tare ni, sunan Ustad Zarwali ne zai ja mini ita?"

Zarwali ya sunkuya yana ƙoƙarin kwance ƙyallen da ke hannunsa. Gumi ya jiƙa ƙullin ya ƙara tauri. Ya ja da farce, ya ƙi. Ya sa haƙori, ya ƙi. Na yunƙura zan taimaka, Samandar ya riƙe mini hannun riga.

Ya miƙa hannun wajen ƙanensa ba tare da ya ɗaga kai ba. "Kwance mini."

"Da wane hannu?"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya kalli dunƙulallen hannunsa, sannan ya kalli na Minadar, ya daɗe yana kallo, tun daga tabon ɗinkin har ɗan yatsan da ya karkace. Ya zare hularsa ya ajiye ta a ƙasa gaban ƙafafun ƙanensa, abin da a wajenmu mutum ba ya yi sai ya zo neman afuwar jini. Da ya buɗe baki, da irin muryar da yake zagin masu koyon aiki ya yi magana, wadda ake ji har ƙarshen layi.

"Ku ji, ku duka. Ni na ta da janareta ran nan. Ban ce hannu waje ba. Sauri nake yi, ban yi kira ba, ban leƙa ba. Ni na cinye hannun nan. Riƙe libarbarka, ita ta dace da kai, tsohon nan ya fi ni gaskiya. Minadar, ɗan uwata, na cuce ka. Ka yafe mini."