Murfin Furosesa

A tsakiyar bazara, lokacin da ko ruwan randa a Gummi ke yin ɗumi kamar an ɗora shi a murhu, kwamfutar Lukman ta fara mutuwa a tsakiyar aiki.

Lukman mai haɗa bidiyo ne. Zauren gidansu ya mayar wurin sana'a, da teburi ɗaya da batiran sola a ƙarƙashinsa. Bukukuwan aure da na suna ne abincinsa, amma aikin da ke hannunsa a wannan makon daban yake. Sista Lucy ce ta kawo shi, wata ma'aikaciyar lafiya 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe tana aiki a Bukkuyum. Fim ne na wayar da kai, a kan ƙurar dutsen zinariya da maza ke kawowa gida a jikin tufafinsu, da yadda gubar dalma ke shiga jikin yara. Za a nuna shi ranar kasuwar Bukkuyum, daga nan a wuce da shi Anka da Duza. Motar su Lucy za ta biyo ta Gummi washegari da hantsi, kuma yadda hanya ta zama yanzu, in an sa ranar fita ba a ɗaga ta don mutum ɗaya.

A Duza aka haifi Lukman. Yana yaro ake daka dutse a tsakar gidansu, ƙannensa biyu kuma ba su kai shekarun shiga makaranta ba suka rasu. Shi ya tsira, sai dai hannunsa na dama na rawa duk lokacin da ya riƙe ƙaramin abu. Shi ya sa bai ɗauki fim ɗin nan kamar sauran ayyuka ba.

Ya gama yankawa da jerawa, ya sa murya, saura kawai kwamfuta ta dunƙule aikin ta fitar da shi guda. Nan matsalar take. Tsohuwar kwamfuta ce da ya sayo a Sakkwato, kuma tun a lokacin sanyi ne ya shiga saitinta ya ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara mata. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, 'yar murabba'i da ba ta kai tafin hannun jariri ba. Da sanyi ta ɗauki ƙarin gudun lafiya lau. Yanzu kuwa da ya danna aiki sai ma'aunin zafi ya yi ta hawa, tamanin, casa'in, ya doshi ɗari, fanka ta yi ta kuka, allo ya yi baƙi. Ya gwada mayar da gudun yadda yake a da. Ba ta mutu ba, amma ta nuna masa ba za ta gama ba sai an kwana, batiransa kuma da rana ta faɗi suke bin ta.

Dabara ɗaya ta rage, kuma ya daɗe da saninta daga bidiyoyin masu gyara. A saman furosesa akwai murfin ƙarfe da aka manna da baƙin gam. Ƙarƙashin murfin akwai wani farin mai da ke kai zafi daga ƙwayar ciki zuwa murfin, kuma idan ya tsufa sai ya bushe ya daina aiki. Ana yanka gam ɗin da reza, a ɗaga murfin, a goge busasshen man, a shafa ruwan ƙarfe a madadinsa. Zafi ya sauka sosai. Amma in reza ta karkata ta taɓa koren allon da ke ƙasa, shi ke nan, kuma daga Gummi har Gusau bai san mai irin wannan furosesar ba. Ruwan ƙarfen ma ya sa wani direba ya sayo masa a Kano tun watannin baya, ya ajiye a aljihun teburi bai sami ƙarfin zuciyar buɗewa ba.

Da safiyar nan, bayan ya karya, ya kwance kwamfutar, ya ciro furosesa ya ɗora a kan farar takarda. Ya ɓare sabuwar reza. Ya yi bisimilla ya kai bakinta kusurwar murfin. Tun kafin ta taɓa, hannun ya fara. Ya riƙe wuyan hannun da hagu, ya sake kaiwa. Bakin rezar sai kaɗawa yake kamar ganyen dogonyaro. Ya ajiye, ya share gumi, ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa.

A haka Basira ta same shi. Matarsa ce, 'yar Anka, tela, tana ɗauke da cikinsu na fari wanda ya fara nauyi. Ta shigo da kwanon fura ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hannunsa.

"Malam, mi kake yi wa kanka haka?"

Ya yi mata bayani a taƙaice, bai ɗago ba. Ta ajiye kwanon ta sunkuya ta duba abin.

"Wanga ɗan siririn layin za a bi?"

"Shi. Gefe huɗu. Amma reza ba za ta shiga da nisa ba, kuma dole ta kwanta ta jingina da ƙarfen sama. In ta kalli ƙasa an kashe ta."

"Ni kullum da reza nike warware ɗinki," ta ce. "Leshin mutane ma, mai tsada."

"Leshi in kin yanka kina iya ɗinkewa."

Sai idonta ya faɗa kan wani abu a gefen takardar: ɗan sirinji, da ruwa mai ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa a ciki. Ta ja da baya har ta bugi ƙofa, ta dafe cikinta.

"Zaiba! Malam, zaiba ka kawo mani gida?"

Ya san abin da ta gani. A Anka ta tashi, ta ga masu wankin zinariya suna murza zaiba a tafin hannu, ta kuma ga abin da ya biyo baya a gidajen maƙwabta.

"Ba zaiba ba ce, Basira. Kama ce kawai suka yi. Wani ƙarfe ne daban."

"Haka su Baba suka riƙa cewa ƙura ce kawai."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya ɗauki kwalin sirinjin ya karanta abin da aka rubuta, amma ya ga rubutun kwali ba zai kwantar mata da hankali ba, shi kansa ma sai ya ji shakka ta kama shi. Ya ɗauki waya ya kira Lucy, ya buɗe murya don su ji tare. Layin na yankewa yana dawowa. Ya karanta mata sunan ƙarfen harafi harafi.

"Ba zaiba ba ce," in ji Lucy da Hausarta ta kudu. "Ba ya tashi a iska kamar ita. Amma Basira, kar ki taɓa da hannu, kar ya kusanci abinci, ku buɗe taga. Malam Lukman, me ke faruwa? Fim ɗina lafiya?"

"Lafiya lau, Sista. Gobe za ki same shi."

Da ya kashe wayar ya ji nauyin abin da ya faɗa. Basira ta ɗauke kwanon furar ta kai cikin gida. Ya zaci ta tafi ke nan. Can sai ga ta ta dawo ta wanke hannu, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta jawo kujera.

"Zan yi yankan. Amma kafin ka buɗe wancan abin ni na fita, kuma ba ya kwana gidan ga."

"Na yarda."

"To matsa, kana tare mani haske."

Ta riƙe furosesar a tsaye tsakanin yatsu, ta kwantar da rezar, ta tura a kusurwa. Ba ta shiga ba. Ta ƙara ƙarfi kaɗan. Lukman ya sunkuyo kusa da ita.

"A hankali."

"In ka sake magana na aje."

Bakin rezar ya nutse cikin gam ɗin, ɗan kaɗan, kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Ta fara kaɗa ta hagu da dama tana tafiya da ita. A waje wani mai babur ya wuce yana ta hon, ba ta ko ƙifta ba. Gumi ya taru a haɓarta, Lukman ya sa gefen rigarsa ya share kafin ya ɗiga. Gefe na farko ya rabu. Ta juya. Na biyu ya fi sauƙi, na uku ma haka, har ya fara jin numfashinsa na dawowa.

A gefe na huɗu akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa a jere kusa da gam ɗin, kamar ƙwayoyin gero. Ya nuna mata su da tsinke ba tare da ya ce komai ba. Ta gyaɗa kai. Ta shiga, ta yi rabi. Sai ɗan cikin ya motsa da ƙarfi. Ta ce "wash", kafaɗarta ta girgiza, rezar ta zame. Su biyun suka ji ƙarar, 'yar siririya, ƙiii.

Basira ta zare rezar ta ajiye. Yatsanta na hagu na fitar da jini, ba ta ma lura ba.

"Na kashe ta?"

"Ban sani ba. Kawo hannunki."

"Bar hannuna. Duba."

Ya murɗa murfin a hankali, ya ɓalle ya faɗo a tafinsa. Ga ƙwayar a tsakiya, baƙa mai sheƙi, da farin mai a kanta ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama bayan janyewar ruwa. Ya haska fitilar waya. 'Yan ƙwayoyin suna nan duka. Amma a gefen koren allon akwai ƙarce, gajere, har jan ƙarfen ciki ya ɗan leƙo.

"Ba za mu sani ba sai an kunna," ya ce.

Ya ɗaure mata yatsa da ƙyalle. Ya roƙe ta kwalbar jan farcenta, ta kawo ba ta tambayi dalili ba. Da shi ya rufe ƙarcen da 'yan ƙwayoyin nan, don ruwan ƙarfe in ya taɓa su zai haɗa wuta. Ta fita tsakar gida kamar yadda ta ce. Ya buɗe taga, ya goge tsohon man, ya kankare ragowar gam da farcensa. Ya matso ɗigo ɗaya na ruwan ƙarfen. Hannun na rawa, sai ya kafa gwiwar hannu a teburi ya bar rawar ta yi masa shafin, da auduga a kan tsinke, har ƙwayar ta zama kamar madubi. Ya mayar da murfin, ya sa furosesar a gurbinta, ya danne, ya ɗaura fanka.

Rana ta kusa tsakiya. Ya danna makunni.

Fanka ta juya, ta tsaya. Ta sake juyawa, ta tsaya. Allo baƙi ƙirin.

Ya kashe, ya kunna. Haka. Ya zauna ya zuba wa akwatin kwamfutar ido, yana tunanin matan da suka yarda suka zauna gaban kyamararsa suka faɗi sunayen 'ya'yansu da suka rasu, abin da ba su saba yi a gaban baƙo ba. Basira na tsaye daga bayan taga.

"Malam?"

"Ba ta tashi ba."

Ya ji ta ja numfashi. Bai juya ba, don bai san abin da fuskarsa za ta gaya mata ba. Ya sake haska cikin akwatin. Ƙarcen yana ɓangaren da ke kallon ram, sandunan nan biyu da kwamfuta ke riƙe aiki a cikinsu. Ya zare ɗaya, ya kunna. Shiru. Ya mayar da ita, ya zare ɗayar, ya matsar da wadda ta rage zuwa wani gurbin. Ya danna.

Fanka ta juya ba ta tsaya ba. Akwatin ya yi ƙara ɗaya, rubutu ya fito a allo.

"Ta tashi!" Muryarsa ta fashe. "Basira, ta tashi!"

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta zame ta zauna a dakalin taga.

Rezar ta yanke hanyar ram ɗaya har abada, kwamfutar ta koma da rabin abin da take da shi. Ya buɗe aikin, ya mayar da ƙarin gudun, ya danna. Ma'auni ya hau sittin, ya hau saba'in, ya ɗan wuce. Lukman ya riƙe gefen teburi yana jira ya ci gaba. Bai ci gaba ba. Nan ya tsaya yana ɗan lilo.

Duk da haka tafiyar ba ta yi saurin da ya so ba, saboda rashin ram ɗin. Ya kashe fankar ɗaki da duk abin da ke jan wuta, ya hau rufi ya wanke faifan sola, ya sauko ya zauna cikin zafi. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Inuwar katanga ta fara hawa faifan, fitilar batir ta koma ja, na'urar wuta ta fara ƙyaf-ƙyaf ɗin gargaɗi. Ya kashe allon ma don ya rage ci, yana kunnawa jifa-jifa ya leƙa. Ana shirin kiran magariba ya kunna ya ga an gama. Ya kwafe fim ɗin a filashi, bai tashi ba sai da ya buɗe shi a waya ya ga fuskar matar farko ta fito tana magana.

Washegari motar ta tsaya a ƙofar gida ba a ko kashe inji ba. Lucy ta karɓi filashin ta tagar mota, ta ga ƙyallen da ke yatsan Basira, ta sa aka jira ta. Ta sauko ta kwance, ta duba, ta wanke da magani ta sa filasta, tana yi wa Lukman faɗan bai wa mai ciki reza. Bai kare kansa ba. Direba ya yi hon, ta shiga, suka ɗauki hanyar Bukkuyum.

Da yamma ta kira. Hayaniyar kasuwa ta cika wayar, da kyar ake jin ta. Ta ce an rataya farin zane a rumfar masu hatsi, mutane sun cika har kan buhuna, kuma wani dattijo ya ce a sake sa shi daga farko don matansa ba su iso da wuri ba.