Fitilun Baba Direba

Baba Direba ya rantse fitilun tsohuwar motarsa ne suka gaji. Magariba na yi, titi sai ya koma masa dishi-dishi. Shekaranjiya ma saura ƙiris ya kwashe mai keke. Ya dirje gilasan da man goge baki, a banza. Sai ya ɗauki 'yarsa suka nufi garejin mai wayarin, mai gyaran wutar mota.

Mai wayarin ya sa sababbin ƙwayayen fitila, ya tura motar cikin rumfa, ya ja ƙofa, ya kunna. Baba da 'yarsa suna tsaye a gabanta.

"Sabon ke nan?" Baba ya daka masa tsawa. "Ko kyandir ya fi wannan! Ni za ka cuta?"

Ya juya don 'yarsa ta goya masa baya, sai ya ga ta kare idanunta da tafin hannu. Hasken ya yi mata yawa.

"Baba," ta ce a hankali, "kawo makullin, ni zan ja mu gida."

Da motar nan ya ciyar da su duka. Ya laluba aljihu, ya zaro tsumma, ya durƙusa gaban fitilar, ya ci gaba da gogewa.