Barandar Shugaban Kwamiti

An naɗa mai aski shugaban kwamitin ambaliya ne saboda shi kaɗai ke da benci biyu da fanka a duk layin. Gwamnati ta ce za ta ba da tallafi ga unguwar da ta kafa kwamiti, shi kuwa da jin kalmar tallafi ya gyara zaman hula.

Ranar taron farko wata jami'a ta zo da ƙatuwar taswira, ta ture almakashi da kwalbar man gashi, ta shimfiɗa ta a kan teburinsa.

"Tallafin nan na tsari ne," in ji ta. "Babu siminti a ciki, babu shebur."

"Ranki ya daɗe, tsarin me?" tela ya tambaya.

"Tsarin yadda za ku yi da ruwa in ya zo."

"Ai muna da shi tuntuni. Mu ɗora katifa a kan tebur, mu hau kujera, mu yi ta addu'a."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa musu jan biro, ta ce kowa ya shafa inda ruwa ke shiga masa. Nan take kowa ya raya a ransa cewa wanda ya fi ja shi zai fi samun rabo. Mai kanti ya rantse bara ruwa ya kai masa wuya. Tela ya ce kekensa sai da ya yi iyo har bakin titi. Mai aski dai bai tsaya surutu ba, ya duƙufa a kan shagonsa yana goga biro har takardar ta huje.

Bayan sati biyu jami'ar ta dawo da wani injiniya mai dogon takalmin roba.

"Inda ja ya fi yawa, nan ne hanyar ruwa," in ji shi. "Watakila a rushe wasu gine-ginen."



"Wuya na ce?" mai kanti ya yi caraf. "Wuyan ƙafa nake nufi."

"Ni keken nawa dama matata ce ta wanke shi," in ji tela.

Mai aski ya buɗe baki zai ce biron ne ya yi yoyo, sai surukarsa ta yi gyaran murya daga ƙarshen benci. Tsohuwar ba 'yar kwamiti ba ce, shan iskar fanka ta shigo.

"Yaro," ta ce da injiniya, "bar wahalar da kanka da takarda. Barandar nan da muke zaune a kai, magudanar ruwa ce a ƙarƙashi. Shekara shida ke nan da ya toshe ta da bulo don ya samu wurin ajiye benci."

"Haba Inna!" in ji mai aski. "Ai wannan maganar cikin gida ce."

"Ruwan ma cikin gida yake shiga, ɗan nan. Nawa gidan."

Injiniya ya ɗauko rodi ya ƙwanƙwasa daɓen, ya ba da sauti kamar ganga. Da aka ɗaga gefe guda sai ga gashin mutanen layi na shekara shida a cunkushe, da ledoji, da kwalabe, da takalmin tela ƙafa ɗaya wanda ya daɗe yana zargin maƙwabcinsa da shi.

Tsarin ya fito shafi arba'in da hotuna masu launi. Abu na farko a ciki: a cire barandar mai aski. A ƙasa kuma aka bar gurbin sa hannun shugaba. Ya duba hagu, ya duba dama, bai ga mai tausaya masa ba, ya sa hannu.

Damina ta zo, ruwa ya bi ta ƙarƙashin katakon da ya gitta a ƙofar shago ya wuce abinsa. Sati uku mai aski ba ya gaida surukarsa, sai da matarsa ta fara mantawa da gishiri a miya sannan ya sauko.

Abin bai tsaya nan ba, don ofishin jami'ar ya ji daɗin labarin, aka riƙa gayyatarsa wasu unguwanni a matsayin shugaban da ya sadaukar da barandarsa. Yakan sa babbar riga, ya riƙe makirufo da hannu biyu, ya ce shi da kansa ya gano matsalar bayan dogon nazari. Sai dai duk inda za shi, tsohuwar kan riga shi shiga motar ofis, ta zauna a sahun gaba, ta zuba masa ido. Dole in ya zo daidai nan ya yi tari, ya ƙara da cewa, "da shawarar manya."