Kunnen Iya Barira

"Matso da kwanon man nan," in ji Iya Barira. "Ki bar kallon ƙofa, ba mai zuwa."

Ɗelu ta matso da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kawo ta aure Madarumfa, katanga ɗaya tsakaninta da tsohuwar, kuma duk unguwa an san ta da abu guda: da an taɓa mata hudar kunne sai ta sume. Kowace sallah Iya Barira ce ke kwantar da ita bisa cinya ta sake mata 'yan kunne, da ƙoƙon ruwa a gefe don a yayyafa mata in ta sume.

Yau kuwa tsohuwar ce a kwance. Damina biyu hatsi bai yi ba, kumburi ya kama ta tun daga ƙafa har fuska. Zobban azurfar da ke kunnenta sun nutse cikin nama, da ƙyar ake ganin bakinsu. Matan gidan duk sun bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Najeriya neman abinci, har da ɗiyarta Halima.

"Iya, mu jira Halima mana."

"Halima ta tahi. Kin ga yadda aka yi wa Hauwa ta unguwar nan ran da ta rasu? Masu wanka suka ja, suka ja, ƙarshe da aska aka tsaga. Ni ban son a kai ni da kunne a yage. Cire mani tun ina jin zafin."

"Faɗuwa zan yi, Iya."

"Ki faɗi in kin gama. Haihuwa huɗu kika yi a durƙushe ko tari ba ki yi ba, ɗan ƙarfe ke kada ki."

Ɗelu ta tsoma yatsa a man gyaɗa ta shafa. Naman da zafi, ga laushi kamar tuwon da ya kwana. Tana taɓa zoben sai kunnuwanta suka ɗau ƙara, gumi mai sanyi ya karyo mata, ɗakin ya fara juyawa.

"Kar ki dubi hudar. Yi mani zance. Mijinki ya samo wani abu a tabki?"

"Tarwaɗa biyu, ƙanana."

"Mamman ke nan. Ko lokacin da ruwa ke cike, biyu yake kamawa."

Dariya ta kuɓuce wa Ɗelu, cikin dariyar ta buɗe bakin zoben, ta murza a hankali. Ya fito da jini da ruwa. Duhu ya taso mata. Ta dafa goshi a bango, ta cije leɓe, tana jin numfashin tsohuwar yana fita da ƙyar. Ta jira ƙasa ta karɓe ta, ba ta karɓe ta ba.

Na biyun ya fi wuya. Sau uku yana suɓuce mata saboda mai. Iya Barira ba ta ƙara tsokana ba, ta dai riƙe gefen tabarma. Da ya fita sai ta kai hannu ta lalubi kunnuwan, ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe kin iya," ta ce. "Shekara da shekaru kina ɓata mani ruwa."

Ɗelu ta dama ɗan kunun dusa ta kawo. Tsohuwar ta kau da kai.

Bayan azahar ta cika. Ba a samu matan wanka ba, sai matar liman da Ɗelu. Suka kewaye da zana a tsakar gida, ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na cuɗawa. A waje maza huɗu na jira da makara, masu haƙa kabari kuma sun aiko cewa ƙasa ta yi tauri, a ƙara haƙuri.

Da suka zo naɗe likkafani, Ɗelu ta tsaya. Ta sa bakin zanenta ta goge ɗan jinin da ya bushe a kunnen dama. Rana ta ratso ta 'yar hudar. Ta kwantar da kunnen yadda yake, ta ja farin ƙyalle ta rufe.