Rigar da Ta Kwana a Zandam

Wata bakwai Zahara'u, 'yar ƙanena marigayi, ta yi tana gwaji a kan ɓeraye a wata kwaleja a Birnin Kudu, inda na shekara ashirin da biyu ina kula da dabbobin bincike. Maganin da take gwadawa yana aiki ne a inda sinadarin sirotonin yake sauka a ƙwaƙwalwa, tana son sanin ko yana rage tsoro. Digirinta na biyu ya dogara ne ga amsar.

Akwai wani katako da aka ɗaga sama, mai hannu huɗu: biyu da bango, biyu a buɗe. Ɓera mai tsoro yakan maƙale tsakanin bango. Wanda hankalinsa ya kwanta yakan fito fili. Ranar Litinin muke gwada waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai, ranar Alhamis masu magani, kuma ni nake ɗauko kowanne da hannuna. Na Litinin suka riƙa daskarewa, na Alhamis suna yawo har bakin katako.

A mako na uku na gane dalili. Kowace Juma'a nakan tafi Zandam wajen yayata Hapsatu, wadda take kiwon kyanwowi saboda rumbunta, kuma a kan rigata suke kwana. Litinin da safe nakan hau acaɓa in wuce aiki da rigar a jikina. Kafin Alhamis an wanke ta. Warin kyanwa ɓerayen Litinin suke tsoro.

Na gane, amma na yi shiru, domin ban taɓa ganin yarinyar cikin irin wannan farin ciki ba tun rasuwar mahaifinta. Na kira shirun nan tausayi.

Wata Litinin, saura kwana takwas ta kare aikinta gaban malamai, ta kawo mini kundin bincikenta a ɗaure, ta nuna mini sunana a shafin godiya. A nan na faɗa mata.

Ta rufe kundin.

"Tun yaushe ka sani, Bappa?"

"Tun makon farko-farko."

"Wane mako?"

"Na uku."

"Wata shida ke nan kana kallona ina ƙirga daƙiƙa kamar mahaukaciya. Da ka buɗe baki, sabulu ɗaya ya ishe mu."

"Na ji tsoron in ɓata miki rai."

"Ashe kai ya kamata in ɗora a kan katakon." Ta nuna rigar da ke jikina. "Cire rigar."

Na cire, na tsaya da singileti, ni da furfurata. Ta yi wa ɓeraye uku allurar maganin, ta jira rabin awa ba ta dube ni ba, sannan ta rataya rigar kusa da katakon. Ɗaya bayan ɗaya suka shige tsakanin bango, suka ƙame. Babu wanda ya leƙo.

"Ba lallai kowa ya sani ba," na ce, kuma har yau ina jin haushin bakin da ya furta haka.

"Wani likita ya karanta wannan, ya ɗauka gaskiya ce, ya ba mutum?" Ta jefa kundin cikin durowa ta kulle. "Za mu je wajen Farfesan da ke duba aikina yanzu. Kai za ka yi bayani, ba ni ba. Shekarar nan ta tafi."

Na miƙa hannu zan ɗauki rigar.

"Bar ta nan, Malam Haladu," in ji ta. "Shaida ce."

Ba ta taɓa kirana da wannan suna ba. Na ari farar rigar aiki daga jikin ƙusa, na bi bayanta.